Gudu Zagaye Huɗu, Lemo Roba Ɗaya: Wa Ya Ci Riba?

Barkanmu da sake haɗuwa a wannan allo namu na kulob ɗin 'yan jarida.

Tun da aka fara atisayen gasar wasanni ta gidaje, wata gardama ta ɓarke a azuzuwan ƙaramar sakandare, har yau ba ta mutu ba. Gardamar ita ce: idan mutum yana son ya rage ƙiba, ya fita fili ya yi gudu ya haɗa gumi, shin ya dace ya sha lemo ko ya ci cincin da alewa bayan ya gama? Wasu sun ce ai ya riga ya biya da guminsa, don haka ya ci abin da ransa yake so. Wasu kuma sun ce ko ƙwayar alewa ɗaya ya jefa a baki, to wahalar banza ya sha. Mu a wannan kulob mun ɗauki biro da takarda mun yi lissafi, kuma ga matsayinmu: kayan kwalama suna da wuri a abincin mai son rage ƙiba, amma wurin ɗan ƙarami ne, kuma gudun da muke yi a fili bai isa ya faɗaɗa shi yadda ake zato ba.

Bari mu fara da kalori, domin kalmar ta shiga bakin kowa, amma ba kowa ne ya san abin da take nufi ba. Kalori ma'auni ne na ƙarfin da ke cikin abinci, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi, lita kuma ma'aunin fetur. Idan kuka juya bayan ledar biskit ko robar lemo za ku ga an rubuta kcal, to shi ne. Giram ɗaya na sukari ko sitaci yana ba da kalori 4. Haka ma giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin wake da nama da ƙwai. Giram ɗaya na mai kuwa kalori 9 ne, ya ninka har da ɗoriya. Jiki yana ƙona wannan ƙarfi dare da rana. Idan abin da ya shiga ya fi abin da aka ƙona, sai jiki ya adana ragowar ta zama kitse. Idan ya gaza, sai jiki ya taɓa ajiyarsa. Wannan shi ne abin da ake kira kasafin kalori, kuma ba shi da bambanci da kuɗin tara. Abin da aka ba ka da safe shi ne naka. In ka ƙarar da shi a wurin mai alewa, sai dai ka wuce mai ƙosai da ido.

Akwai wani abu da muka koya a darasin kimiyya wanda ya kamata kowa ya riƙe. Mafi yawan ƙarfin da jiki yake ƙonawa a rana, yana ƙona shi ne ko mutum bai motsa ba. Bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, da riƙe ɗumin jiki, su ne suke cinye kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Gudun da muke yi na 'yan mintoci a fili ɗan ƙaramin kaso ne a cikin sauran.

To ga lissafin. Masana motsa jiki suna ƙiyasta cewa gudu yana ƙona kimanin kalori 1 ga kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita. Mu ɗauki ɗalibi mai nauyin kilo 50. Idan ya yi gudun kilomita ɗaya, ya ƙona kalori 50 ke nan. Zagaye ɗaya na filin tsere na ƙa'ida mita 400 ne. Zagaye huɗu ya zama mita 1,600, wato kalori 80. Kuma mu faɗi gaskiya, yawancinmu kafin mu cika zagaye huɗu mun fara haki muna riƙe ƙugu, wasu ma sun zame sun shige gindin darbejiya.

Yanzu mu je wurin mai shago. Lemo irin na kola yana da kusan kalori 42 a kowane mililita 100, da sukari giram 10 da ɗan wani abu. Robar da aka fi saye mai santilita 50 ce, wato mililita 500. In ka ninka sau biyar, za ka samu kusan kalori 210 da sukari kimanin giram 53. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar sukari kimanin giram 4. Ke nan a cikin roba ɗaya akwai sukari kusan cokali 13. Wa zai yarda ya zuba cokali 13 a kofin shayi ɗaya? Ko mai shayin bakin titi sai ya ɗaga kai ya dube ka. Amma da yake lemon yana da sanyi da gas da ɗan tsami, ba ma jin yawan zaƙin, sai mu ɗaga roba mu shanye a minti biyu.

Wanda ya yi zagaye huɗu ya sha roba ɗaya, ya fitar da 80 ya shigar da 210. Bai biya komai ba, bashin 130 ma ya ciyo. Kafin ya goge robar nan gaba ɗaya sai ya yi zagaye fiye da goma. Idan kuma ya haɗa da fanke ko cincin, lissafin ya ƙara lalacewa, domin babban cokali ɗaya na man suya kusan kalori 120 ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin takardar da aka naɗe fanke a ciki ya san yadda yake shan mai.

Wasu za su ce ai sun hau sikeli bayan atisaye sun ga nauyinsu ya ragu. Haka ne, amma ruwa ne ya fita ta gumi. Da zarar sun sha ruwa zai dawo, kuma dole ne ya dawo. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Ɗalibin nan namu mai kilo 50 sai ya yi gudun fiye da kilomita 150 kafin ya ƙona wannan da gudu kaɗai, kusan nisan Kano zuwa Zariya. Ba aikin yamma ɗaya ba ne.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya gaya wa malamin wasanni cewa 'yan jarida sun ce gudu ba shi da amfani. Ba mu ce haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki mai ɗan ƙarfi a kowace rana. Yana ƙarfafa ƙashi da zuciya, yana sa barci mai daɗi, yana kuma wartsake kai kafin karatu. Waɗannan su ne ribarsa, kuma sun ishe shi.

Sai mu juya ga ɗaya ɓangaren, masu cewa ko alewa ɗaya haramiyar mai rage ƙiba ce. Su ma ba mu tare da su.

A shekarar 2010 wani farfesan ilimin abinci a Jami'ar Jihar Kansas da ke Amurka, mai suna Mark Haub, ya yi gwaji a kan kansa. Ya shafe mako 10 yawancin abincinsa kek ɗin leda ne da biskit da sauran kayan zaƙi na shago, amma ya tsayar da abin da yake ci a ƙasa da kalori 1,800 a rana. Nauyinsa ya ragu da kimanin kilo 12. Wannan ya nuna cewa a wajen sikeli, jimillar abin da mutum ya ci ita ce babbar magana. Ƙwayar alewa ba ta da wani sihiri da zai sa ta zama kitse nan take. Sai dai mu lura, farfesan babban mutum ne da ya gama girma, yana haɗawa da ƙwayar bitamin da abin sha mai furotin da ɗan kayan lambu, kuma shi kansa bai ce kowa ya kwaikwaye shi ba. Mutum ɗaya ne, na mako goma. Mun kawo labarinsa ne don a ga cewa wuri yana nan, ba don wani ya mayar da biskit tuwonsa ba.

To yaya girman wurin yake? A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum yake ci a rana, in an iya saukar da shi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga mai cin kalori 2,000 a rana, kashi 10 shi ne kalori 200, wato sukari giram 50. Kun ga roba ɗaya ta lemo ta riga ta tsallake iyakar yini guda, tun ba a lissafa sukarin da aka zuba a koko ko shayin safe ba. Amma alewa biyu, ko ɗan yankan tuwon madara, ko gullisuwa 'yar kaɗan, za su shiga cikin giram 50 ɗin nan su bar sarari. Wannan shi ya sa muka ce wurin ƙarami ne amma yana nan. Ita ma gwamnatin Najeriya ta lura da batun lemo, domin a 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka sa wa sukari. Ko naira goman ta hana wani sha, wannan kuma sai ku tambayi mai shago.

Akwai kuma dalilin da ba na lissafi ba. Duk wanda ya rantse cewa daga yau ya bar zaƙi har abada, mun san yadda labarinsa yake ƙarewa. Zai daure Litinin da Talata, ranar Juma'a a same shi da leda cike, ya ci na kwana biyar a zama ɗaya, sannan ya zauna yana jin haushin kansa. Ga kuma Sallah da biki da suna. Idan ka je gaishe da Gwaggo ta ajiye maka cincin da dubulan, za ka ce mata kana lissafin kalori ne? Ka ɗauki kaɗan, ka yi godiya. Tsarin da ba zai bar mutum ya ci cincin ɗin Gwaggo ba, tsari ne da ba zai kai wata guda ba.

Abin da muke ƙi shi ne kalmar nan ta lada. Idan muka ce lemo ladan gudu ne, mun mayar da gudu horo, mun mayar da zaƙi albashi. Daga nan sai mutum ya fara saye ko ba ya marmari, don kawai yana ganin haƙƙinsa ne. Kuma abin da muke ji bayan gudu galibi ƙishirwa ce. Ku gwada: ku sha ruwan leda ɗaya ko biyu, ku zauna minti goma, sannan ku tambayi kanku ko har yanzu kuna son lemon. Sau da yawa za ku ga kuɗinku ya tsira. Wani abin kuma, zaƙin da aka sha ba ya riƙe ciki kamar wanda aka tauna. Za ka shanye kalori 210 ka koma aji, bayan rabin awa cikinka yana ƙugi kamar ba ka sa komai ba.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi damun mu, wanda shi ne ainihin abin da ya sa muka yi wannan rubutu. Akwai 'yan uwanmu, musamman mata, da suka fahimci lissafin nan sarai, amma suka juya shi ta mummunar hanya. Sai yarinya ta ce tun da kasafi ne, bari ta ƙi karyawa a gida, ta ƙi cin tuwon dare, don ta samu sararin lemo da biskit a makaranta. A takarda lissafinta ya daidaita. A jikinta kuwa bai daidaita ba.

Mu ba manya ba ne. A shekarunmu na sha biyu zuwa sha biyar jiki yana cikin gini. Tsawo yana ƙaruwa, ƙashi yana kauri, jini yana ƙaruwa. Gini kuwa yana buƙatar kayan aiki: furotin daga wake da gyaɗa da ƙwai da kifi, sinadarin kalsiyam daga nono da madara, sinadarin ƙarfe na ƙarin jini daga nama da hanta da wake da ganye irin su zogale da alayyafo. 'Yan mata da suka fara al'ada buƙatarsu ta sinadarin ƙarfe ta fi ta da. A cikin robar lemo babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ruwa ne da sukari da kala da gas. Kalori 210 na lemo da kalori 210 na ɗanwake da ƙwai ɗaya suke a wajen sikeli, amma ɗaya ya kawo bulo da siminti, ɗaya kuwa hannu rabbana ya zo. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wadda ba ta karya ba, ba za ta fahimci lissafi a darasi na biyu ba, kuma ita ce za a ga jiri ya ɗebe ta a wurin asambuli idan rana ta ɗaga.

Haka nan muna jan kunne a kan shayin rage ƙiba da ake tallarsa a waya da kasuwa. Da yawansu abin da ke ciki mai sa gudawa ne. Ruwan jiki suke zubarwa, sai mutum ya ga sikeli ya sauka ya yi murna, alhali kitsen yana nan, ƙarfinsa ne ya tafi.

Ra'ayinmu shi ne, ɗan shekara sha uku bai kamata ya zauna yana ƙirga kalorin kowace loma ba. Mun yi lissafin sama ne don mu ga girman abu, kamar yadda ake auna fili sau ɗaya a san faɗinsa. Wanda yake ganin nauyinsa ya yi yawa, ya gaya wa Mama ko Baba su kai shi asibiti. Ma'aikatan lafiya suna da jadawalin da suke duba nauyi da tsawo da shekaru tare, kuma ga yaron da bai gama girma ba, sau da yawa shawararsu ita ce nauyin ya tsaya inda yake tsawo ya kamo shi, maimakon a rage masa abinci. Wasu ma da suke ganin sun yi ƙiba za a ce musu lafiyarsu ƙalau, jikinsu ne kawai yake canzawa.

Kuma mu tambayi kanmu, wa ya sa suke ganin haka? Mu ne. Sunayen da ake laƙa wa mutane a aji, da dariyar da ake yi idan mai jiki ya zo na ƙarshe a tsere, su ne suke kora wasu daga fili, su kuma hana wasu cin abinci. Wanda aka yi wa dariya yau, gobe zai ce wa Malam ƙafarsa tana ciwo. Muna roƙon malamanmu, idan sun ji irin wannan tsokana su tsawata, kamar yadda suke tsawatawa idan an yi zagi. A ajin nan guda kuma akwai wanda ko kuɗin tara ba ya zuwa da shi, wanda damuwarsa ita ce ya samu abin da zai sa a ciki. Wanda yake da halin sayen roba ɗaya kullum, kuɗin nan zai sayi awara ta mutum biyu.

Tun da mun ambaci awara, bari mu faɗi inda muke ganin kuɗin tara ya fi riba bayan atisaye. Awara daga waken suya ake yin ta, furotin ce, ko da yake tana shan mai, don haka 'yan ƙwayoyi sun isa. Dafaffen ƙwai ya fi ta ma, ba man suya ko ɗigo. Gyaɗa tana riƙe ciki, amma a yi hattara, giram 100 nata ya haura kalori 550, cikin tafin hannu ɗaya ya wadatar. Mai son zaƙi kuwa, lemon ɓawo matsakaici kusan kalori 60 ne kawai, ga kankana, ga goruba da za ka yi rabin awa kana gwagwiya ba ka gama ba. Zoɓo da kunun aya na gida ne, muna son su, amma kada mu ruɗi kanmu: idan an cika musu sukari, ƙannen lemon roba ne. Ranar da rai ya biya sai lemon, to a sayi ƙaramar kwalba, ko a raba babbar da aboki, a sha bayan an ci abinci, kuma kada ya zama na kullum. Haƙoranmu ma za su gode.

A ƙarshe muna da koke ga hukumar makaranta. Yawancin masu rugawa shago bayan atisaye ƙishirwa ce take kora su, domin babu ruwan sha kusa da fili, famfon kuma yana can bayan azuzuwan manya, inda layi yake da tsawo. Muna roƙon Shugaban makaranta da malamin wasanni su taimaka a riƙa ajiye randa ko jarka biyu na ruwa mai tsabta a gindin bishiyar bakin fili a duk ranar atisaye. Mu 'yan kulob mun yarda za mu riƙa ɗebowa bi da bi, mu kuma wanke kofuna, daga wannan mako har ranar gasa.